Kukan da Garrett Ya Ƙaryata

Zargi mugun ciwo ne. Mai shi ko ruwa ka ba shi sai ya shinshina.

Shekarar da Garrett ya fara riƙe baka, kawunsa Orval ya hau da shi duwatsun Idaho farautar elk, ƙatuwar barewar nan mai ƙaho reshe-reshe. Ya durƙusar da shi bayan wani itace.

"Nan za ka zauna, yaro. Ni zan ja baya in busa kukan bijimin elk da bututu, ya zaci abokin gaba ne. In ya taho nemana, ta gabanka zai bi. Kada ka motsa, kada ka yi magana."

Garrett ya bi shi da ido. Mai busa me zai yi da baka, da tsohon ya tafi da nasa?

Can sai kuka ya tashi dab da bayansa. Garrett ya ce a ransa, wato tsohon lallaɓowa ya yi don ya riga shi harbi. Garrett ya ajiye baka, ya miƙe.

"Na gano ka, Kawu. Kuma busar nan taka ko jaki ba za ta ruɗa ba."

Rassa suka buɗe. Bijimi ne, har warinsa yana ji. Bijimin ya dube shi, ya juya, ya bi dutse.

Orval ya fito, bututu rataye a wuya. "Ni ko busar ban fara ba."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Garrett ya rasa bijimi, ya rasa naman hunturu, kawun kuma bai ƙara hawa dutse da shi ba.