Reshen Mangwaron Inna

Malama Turai, ke da kika tsallake duk harsunan da Allah ya yi kika ɗauko ƙagaggen harshen nan na Klingon, ga shi ya tsaya miki a wuya. Kin ce kin kasa gane yaushe kalma biyu ke narkewa su zama suna ɗaya, yaushe kuma suke jere kawai, kowace tana cin gashin kanta. Ajiye takardar tukuna, ki ji wani misali.

Wani mai lambu ne uwarsa ta rasu, ba ta bar masa komai ba sai mangwaron da ta dasa da hannunta. Bayan shekara biyu gara ta cinye gindin bishiyar, ganye ya fara zuba. Ya hau ya yanko ɗanyen reshe guda da ya rage, don ya yi masa aure da wani ƙaramin dashe. Ya san aikin sarai. Sai an fere gindin reshen, an tsaga dashen, an cusa wannan cikin wancan, ruwan jikinsu ya gauraya, sannan a naɗe. Amma da ya ɗora wuƙa a kan reshen, sai ya janye ta. Ya ce, "Wayyo Inna, ba zan iya fere ki ba." Ya jingina shi lafiya lau a jikin dashen, ɓawo a kan ɓawo, ya naɗe da leda tamau. Wallahi duk wanda ya gani cewa zai yi itace ɗaya ne.

Kullum da safe yana ban ruwa yana leƙawa. Ana cikin haka tsohuwar bishiyar ta ƙarasa bushewa, aka sare ta aka yi girki. Ranar da ya kwance ledar, reshen ya faɗo ƙasa busasshe ƙayau, dashen kuwa na ta tohonsa, bai ma san an yi baƙo ba. Mutumin ya durƙusa ya ɗauki karan, ya yi kukan da ko ranar jana'iza bai yi irinsa ba. Ni har yau in na tuna shi tausayi yake ba ni, don ba sakaci ya yi ba, ƙauna ce ta hana shi yanka. Wata guda suna ɗaure a leda ɗaya, ashe zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gaba.