Rafin da Ya Ci Zuwaira

Ƙafar Nuriyya ta zame a kan laka, ta faɗa cikin rafin.

Rafin nan ne ya ci mahaifiyarta, Zuwaira, tun Nuriyya tana goye. Haka babanta, Alhaji Sadi, ya gaya mata. Shi ya sa duk shekara yake rufe shagonsa na atamfa a kasuwar Treichville, su hau gbaka, ƙaramar motar haya, daga Adjamé, su ƙarasa cikin daji a ƙafa, su bi bakin ruwan suna yi wa marigayiya addu'a. Shekara goma sha tara ke nan, bai taɓa barin ta matsa kusa da ruwan ba.

Nuriyya ta ƙwalla ƙara, ta runtse ido tana jiran nutsewa. Ruwan ko gwiwarta bai kai ba. Ga shi kuwa tsakiyar damina ce.

Daga ƙetaren rafin, matar nan mai jiƙa rogo, wadda suke tararwa kowace shekara ba ta taɓa ce musu uffan ba, ta yi jifa da kwandonta ta ratso ruwan da gudu.

"Wayyo Nuriyya! Kin ji ciwo?" Da Hausa tsantsa ta faɗa.

Nuriyya ta dubi fuskar matar, ta juyo ta dubi babanta.

"Baba, wa ya gaya mata sunana?"

Alhaji bai kalle ta ba. Matar ya fuskanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Zuwaira, ba haka muka yi da ke ba. Cewa na yi ki riƙa ganinta daga nesa."