Kilo Ukun Auta

Shekara huɗu ya yi ba ya gida. Ya dawo ya tarar an sare mangwaron tsakar gida, an yi wa ƙofa shuɗin fenti, Baba ya fara sa tabarau, ɗakinsa kuma Yaya ta mamaye shi da tagwayen da ta haifa wata biyu da suka wuce. Auta bai damu ba. Katifa a falo ta ishe shi, mako uku kawai zai yi.

Damuwarsa kilo uku ce. Gurbi ɗaya ya rage a tawagar masu ɗaga ƙarfe, a ajin nauyin da ke sama da nasa, kuma koci ya ce in ranar awo sikeli bai nuna ƙarin kilo uku ba, wani za a ba. Wata shida Auta yana biyan wata manhajar tsara abinci, jiki ko gezau.

Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Tun ranar farko ya bi kowa da waya yana tallarta. Mama ta ce ita da ta raini biyar ba waya ce ta koya mata ciyarwa ba. Yaya ce kaɗai ta karɓa, ta daɗe tana latsawa, da ta ji abin da yake biya duk wata ta riƙe baki.

Washegari manhajar ta zo da sabon salo. Ci sau shida a rana. Madara, ƙwai, kifi, gyaɗa, ruwa kofi bayan kofi. A rage shayi mai kauri, a yi barci duk sanda aka sami sarari. Auta ya ce sabunta ta suka yi, ai shi ya sa abin kuɗi ya fi na kyauta. Yaya takan leƙa wayar da safe, ta ce a dafa da ita, kada a ɗora tukunya biyu.

Kwana goma, sikeli ya motsa. Auta ya zagaye gidan da rawa, ya ɗaga Baba har da kujerarsa.

“Sauke ni, ja’iri,” in ji Baba. “Ba ni ne ƙarfen ba.”

Ranar ashirin, kilo uku da rabi cif. Ya aika wa koci hoton sikelin, koci ya ce gurbi nasa ne, kuma ya taho da tsarin abincin nan, tawagar duka za ta hau kansa. Auta ya jawo jaka yana waƙa, ƙafa na masa ƙaiƙayin hanya.

Yana cusa takalma Yaya ta shigo, jariri a kafaɗa.

“Auta, bar min lambar sirrin manhajar nan kafin ka tafi. Tun ranar da ka iso na sa mata bayanaina na zaɓi tsarin masu shayar da tagwaye, wallahi nono har zuba yake.”