Telan da ya auna wa kaji wurin kiwo

Ajiye gudumar nan tukuna, Ɗantani. Na ga ɗan wurin da ka shata wa kajinka a bayan ɗaki, gabana kuwa ya faɗi, don na taɓa ganin irinsa da idona.

An yi wani tela a unguwarmu ta dā, gwani ne, ba a yi masa gardama a kan awo. In ka kai masa yadi, ko ƙyallen da zai ɗaure yatsa ba ya bari ya tafi a banza. Matarsa na da kaji masu yawo a tsakar gida, dukkansu kuwa zuriyar wata tsohuwar kaza ce wake-wake, wadda mahaifiyar matar, Allah Ya jiƙanta, ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Da cikin fari ya tsufa, matar za ta tafi gidan iyayenta haihuwa, ta ce masa, "Malam, ga amanar kajina nan. Ko duk za su salwanta, ka duba mini ta Inna." Ya ce ta tafi da kwanciyar rai, kafin ta gama wanka ta dawo, za ta same su sun yi ƙiba har tafiya ta gagare su.

Shi a ganinsa yawo ne ke cinye wa kaza nama. Ta wuni tana tono, tana bin fara, tana birgima a toka, ina za ta tara kitse? Sai ya kama kaza guda ya danne ta, ya ɗora mata igiyar awonsa daga baki zuwa wutsiya, ya auna faɗinta, ya lissafa yawansu, ya kafa itace ya kewaye da raga daidai jikinsu, kamar mai yanka riga. Ga fili nan a bayan gida, akuya ma sai ta gaji da zagaya shi, amma gogan naka ya ce wannan ɓarnar wuri ce. Abin mamaki, mutumin da in zai ɗinka wa yaro riga sai ya bar masa wurin girma, shi ne bai bar wa kaza wurin buɗe fiffike ba. Ya zuba su ciki, ya cika musu kasko da dusa da gero, ya koma kan kekensa yana yaba dabararsa.

Ba a jima ba ya fara ganin gashi a ƙasa, bayan wasu kajin ya yi tal. Ya ce muzuru ne ke zuro hannu. Ya janye ragar daga jikin katanga don kada muzurun ya samu wurin dira, wurin ya ƙara tsukewa, ya kuma rufe saman da kwano. Zafi ya haɗu da warin kashi, ƙwai ya ɗauke. Wata safiya ya tarar da budurwar kaza guda a mace, bayanta duk jini. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya rufe shago, ya ɗauki sanda ya laɓe a bayan rumbu, ya rantse yau sai ya ga bayan muzurun nan.

Rana ta take, ko inuwar muzuru bai gani ba. Can sai ya ji kajin sun kaure da kuka. Ya leƙa, ya ga tsohuwar wake-waken nan da ɗan ɗigon jini a gindin wutsiya, wata ta kai mata sara. Tsohuwar ta zabura za ta gudu, ta yi karo da raga. Ta juya, ta yi karo da kasko. A fili, taku kaɗan za ta yi ta ɓace musu a bayan turmi, rigima ta mutu, amma nan ina za ta? Suka rufar mata, 'ya'yanta da jikokinta da ta yi wa kwanci ta ƙyanƙyashe, kowace na caccakar inda jinin yake, har ya ga sun jawo hanji. Sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya yi ta salati, ya kasa kwance igiyar ƙofar da shi da kansa ya ƙulle. Da ya fizgo kazar ya ruga neman wuƙa don ko yanka a samu, kafin ya dawo ta miƙe ƙafa, ta zama mushe.

Matar ta dawo da jaririnta a baya. Ta ga 'yan kajin da suka rage suna raɓe-raɓe a tsakar gida, a fige, ƙashin ƙirji a waje. Ta ce, "Malam, ina ta Inna?" Sai ya nuna mata kejin da hannu. Ta kalli kejin, ta riƙe baki, ta ce, "Inna lillahi! A nan ka tara su? Ai tabarmar sallarka ta fi wannan faɗi." Ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar ranar aka yi mata rasuwar uwar, shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

To, tumɓuke turakun nan naka ka kai su can gindin dalbejiya, ka ba kowace kaza inda za ta yi tono, ta yi birgima, ta kuma tsere wa 'yar'uwarta in faɗa ya tashi. Kada a wayi gari ana nuna gidanka ana cewa, garin neman ƙiba an samo rama.