Ruwan da Nake Ɓararwa

"Da bakinki kika faɗa wa maƙwabta," in ji Yaya. "Kullum sai kin jiƙa wa Mama katifa. Sakaci ne ko mugunta?"

Shekara biyu ke nan Mama ba ta iya riƙe fitsari. Ta roƙe ni kada kowa ya sani, har shi. Shi ya sa duk ranar da na shanya katifarta, sai in ce ni ce na ɓarar da ruwa.

Na dube ta, ina jira ta wanke ni.

"Na gaji da yi mata magana," ta ce, idonta a kan ɗanta. "Ba ta ji."

Yaya ya ce in tattara kayana, zai samo mai aiki.

A lokacin na ga danshi yana bin zanenta, yana gangarawa kan kujera. Shi bai lura ba tukuna. Sai a sannan Mama ta dube ni.

Kofin ruwan maganinta yana hannuna. Na matsa kusa, na juye mata shi a cinya.

"Ka gani ko?" ta ce masa.