Mai Zanen Katun da Madubin Teburinsa

Kin ce sai kin kunyata maƙwabciyarki a gaban mutane. To, ajiye mayafin tukuna, ki ji wannan.

An yi wani mai zanen katun, irin finafinan nan na zane mai motsi da yara ke so. Shagonsa na jikin shagon wani tela, kuma sun daɗe suna gaba a kan ruwan kwata da ke bi ta ƙofar mai zanen. Ko a hanya suka haɗu, sai mai zanen ya kau da kai. Da ya tashi yin sabon fim, sai ya ce to, ga ranar ramuwa ta zo. Labarin wani madubin tsafi ne, wanda duk ya tsaya a gabansa sai ya nuna masa ainihin halinsa, da wani mugu da ke neman fasa shi. Sai ya ɗora wa mugun nan jar hular telan, ya rataya masa tef ɗin awo a wuya, ko ɗan ɗingishinsa bai bari ba. So yake unguwa ta yi wa telan dariyar da ba zai ƙara ɗaga kai ba.

Saura fuska. Nan fa ya tsaya, don rabon da ya kalli telan ido da ido har ya manta. Su kuwa masu wannan sana'a sukan ajiye ɗan madubi a gefen kwamfuta. In za su zana fushi ko dariya, sai su yi a fuskarsu, su duba, su kwaikwaya. Haka ya yi. Ya tuna kwatar nan, ransa ya ɓaci, ya leƙa madubi ya zana abin da ya gani: girar hagu ta ɗage, leɓe ya karkace, hanci ya buɗe kamar an kawo masa abin wari. Kullum haka har fim ya kammala, yana ta murna wai ya kamo telan sak.

Ranar da aka haska fim a gidan kallo, har aikawa ya yi a kira telan. Mugu ya fito da jar hula, aka fara 'yan ƙus-ƙus, mai zane ya gyara zama. Da mugun ya tsaya gaban madubin tsafi, sai fuskarsa ta cika allo. Can sai yayar mai zanen ta ce, "Lah! Wannan ai Autanmu ne in gishiri ya yi yawa a miya!"

Dariya ta ɓarke, kowa ya waiwayo. Shi kuma mai zanen don haushi ya ɗage gira, ya karkace leɓe, sai ga fuska biyu iri ɗaya, ɗaya a allo, ɗaya a benci.

Da aka tashi, telan ya ɗingiso a hankali, ya miƙa masa hannu, ya ce, "Maƙwabci, sannu da aiki. Hular dai a dawo min da abata, fuskar kuwa taka ce."

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.