Kujerar Wilma

Doreen ta tura keken guragun mahaifinta har gindin ginshiƙin ƙarshe, ta danne birki.

"Baba, zauna nan wurin zaman Mama. Bari in je in furta zunubaina wajen Fada."

Mahaifin nata, Leander Prosek, ya so ya ce ta matsar da shi gaba, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye harshensa ya daina yi masa biyayya. Shi ya zana cocin nan, tun daga tushe har kubba. Shekara arba'in, kowace Asabar, a nan marigayiya matarsa Wilma take zama ta jira shi ya fito daga ɗakin furta zunubi. In ya ce ta dawo gaba sai ta yi murmushi ta ce, "Nan ya fi min."

Can ɗaya ƙarshen cocin labulen ɗakin furta zunubi ya rufe bayan Doreen.

Sai ga raɗarta ta biyo kubbar ta sauka a kunnensa tar, kamar a kafaɗarsa take.

Ya lalubi birkin, hannun ya ƙi.

"Fada, yi haƙuri, ba wajenka na zo ba," in ji muryar. "Baba, na san kana ji na. Mama ce ta nuna min wurin. Ta ce ko kalma ɗaya cikin abin da kake furta wa Fada ba ta taɓa wuce ta ba. Ɗanka da ka ɓoye mana a garin Toledo yana bakin ƙofa. In ba ka so ya shigo, sai ka faɗa."